Hanyar Yankari: Tarihin Da Yara Ke Wucewa Ta Tagar Mota



Duk hutun ƙarshen shekara ko bayan Sallah, za ka ga motocin iyalai sun fita daga Bauchi, an cika but da kuloli da tabarmi, yara a baya suna gardamar wanda zai fara hango giwa. Yankari suka nufa. In an dawo, wasunmu sukan rubuta labarin tafiyar, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: mun ga ɓauna, mun yi wanka a Wikki, gwaggon biri ya wawure mana burodi. Tarihin wurin shi ake barowa a can, alhali hanyar kanta tana ba da shi daki-daki ga wanda ya san inda zai duba.

Daga Bauchi ana bin titin Gombe har Dindima, inda gada ta ratsa kogin Gongola, sai a karkata kudu zuwa Mainamaji a ƙaramar hukumar Alkaleri. Nan ƙofar shiga take. Yaro zai ɗauka tun fil azal dajin a killace yake, amma killacewar ba ta girmi kakansa da yawa ba. A 1934, zamanin Turawa, aka fara ba da shawarar ware wani daji a masarautar Bauchi domin kare namun dawa. Maganar ta kwanta har 1956, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta amince. A 1957 aka mayar da wurin gandun daji a ƙarƙashin En'en Bauchi, sannan ranar 1 ga Disamba, 1962, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido.

Daga nan ya yi ta sauya hannu. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967 ya faɗa Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 ya zama na Jihar Bauchi. A 1991 gwamnatin soja ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma aka dawo wa Jihar Bauchi da abinta. Waɗannan shekaru suna da nauyi ga mutanen ƙauyukan da ke kewaye. Tun daga ranar da aka shata iyakar fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, farauta da kiwo da saran itace a cikinsa suka zama laifi. Abin da ya ceci giwa shi ne ya raba maharbi da sana'ar gidansu.

Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai, ba gari ba gona. A nan ne yaro kan tambayi mahaifinsa, "Baba, wai ba a taɓa yin mutane a nan ba?" Amsar ita ce an yi, kuma sun bar shaida. Akwai Kogon Marshall, ɗakuna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda masana ke ganin mafaka ce a lokutan hare-hare. Akwai rijiyoyin Dukkey, sama da 130, da aka haƙa aka haɗe su da juna ta ƙarƙashin ƙasa don adana ruwa. Akwai kufan murahun narkar da tama birjik, alamar cewa maƙera sun daɗe suna aiki a wurin. Wanda ya haƙa rijiya sama da ɗari ba ɗan ci-rani ba ne, zama ya yi.

Ku lura da sunan kogon nan. Sunan Baturen da ya yi bincike a kansa a 1980 aka liƙa masa, waɗanda suka sassaƙa dutsen da hannunsu kuwa ba a kiran wurin da sunansu. Marubuci mai ido zai tsaya a nan, domin labari yana ɓoye a irin wannan giɓi.

Ruwa ne ya tara mutanen da, shi ne kuma yake tara dabbobin yau. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyar dajin, shi ya sa rani ne lokacin ziyara: ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, giwa da ɓauna da gwanki da gadu duk sai sun gangaro bakinsa. Maɓuɓɓugar Wikki da yara ke iyo a ciki tana nan a ɗumin digiri 31, dare da rana, hunturu da bazara.

Giwayen Yankari suna cikin garke na ƙarshe da suka rage a Najeriya. Sai dai giwa ba ta san iyakar da aka zana a takarda ba. Takan fita ta shiga gonakin maƙwabta, ta cinye wahalar damina a dare ɗaya. Dabbar da ta sa yaron birni tsalle a cikin mota, ita ce ta hana yaron ƙauye barci yana gadin dawar ubansa. Duk su biyun yaran Yankari ne, kuma rubutun da ya ɗauki ɗaya ya jefar da ɗayan bai cika ba.

Don haka, 'yan uwa, duk wanda Allah ya nufa da kai iyalinsa can, ya tafi da littafi da biro. Ya roƙi ɗan jagora ya kai su rijiyoyin, ya tsaya a Mainamaji ya gaisa da dattawa ya ji abin da suka riska, ya kuma rubuta tambayoyin yaran yadda suka fito daga bakinsu. Hoton giwa kowa zai dawo da shi a waya, amma abin da dattijo ya sani yana iya tafiya tare da shi.