Eiji Sawamura da Hannun da Aka Ƙarar Kafin Mutuwarsa

Kusan duk shekara a Japan ana ba gwanin masu jefa ƙwallo a wasan besbol lambar yabo mai ɗauke da sunan Eiji Sawamura, saurayin da ya rasu yana da shekara 27. Labarinsa da ya fi yawo gajere ne: yaro mai baiwa da ya gagari gwanayen Amurka, sannan yaƙi ya ɗauke shi. Babu ƙarya a cikin wannan labari, amma yana ɗora alhakin komai a kan ranar mutuwarsa kaɗai. A ganina, ɗan wasan da ake yabo ya riga ya ƙare tun kafin jirgin ruwan da yake ciki ya nutse, kuma ƙungiyar da ta ɗaukaka sunansa bayan rasuwarsa tana cikin waɗanda suka ƙarar da shi yana raye.

An haife shi a 1917 a Ujiyamada, garin da yanzu ake kira Ise, a lardin Mie. Ranar da ta yi masa suna ita ce 20 ga Nuwamba, 1934, a filin Kusanagi da ke Shizuoka, lokacin da tawagar zaratan Amurka ta kawo ziyara bisa gayyatar jaridar Yomiuri ta Matsutaro Shoriki. Mai jifa a wannan wasa shi ne ginshiƙin tsaro: yana wurga ƙwallo, abokin hamayya yana ƙoƙarin bugunta da sanda, in ya kasa sau uku ya fita. Sawamura, yana ɗan shekara 17, ya fitar da Charlie Gehringer da Babe Ruth da Lou Gehrig da Jimmie Foxx a jere. An ci Japan da 1 da 0, saboda bugu guda da Gehrig ya cilla wajen fili a zagaye na bakwai. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da yaron ya biya kafin ya taka wannan fili. Tun 1932 ma'aikatar ilimi ta hana ɗalibai karawa da masu wasa don kuɗi, don haka sai da ya bar makarantar kasuwanci ta Kyoto kafin ya shiga tawagar da daga baya ta zama ƙungiyar Giants. A Japan ta wancan zamani ɗalibin jami'a yana samun jinkirin shiga soja, wanda ya bar karatu kuwa ba shi da wannan kariya. Jarida ta samu tauraro, shi kuma ya rasa hanyar da za ta iya jinkirta kiransa fagen daga.

Da aka kafa gasar ƙwararru a 1936, an mori hannunsa ba tare da tausayi ba. A watan Satumba na shekarar ya zama na farko a tarihin gasar da ya kammala wasa ba tare da wani ya samu bugu mai amfani a kansa ba, kuma a watan Disamba ya yi jifa a dukkan wasanni uku na neman kambu da ƙungiyar Tigers, kwana uku a jere. A zangon farko na 1937, Giants ta buga wasa 56, shi kaɗai ya ci 24 daga ciki, aka doke shi a 4. Ana kawo waɗannan alƙaluma a matsayin shaidar gwaninta, kuma haka ne, sai dai su ne kuma shaidar nauyin da aka ɗora wa kafaɗar ɗan shekara 20. A 1938 aka ɗauke shi soja zuwa ƙasar Sin, inda yawan jifan gurneti, wanda ya fi ƙwallo nauyi nesa ba kusa ba, ya lalata masa kafaɗa. Ya dawo a 1940 ba da saurinsa na da ba, ya sauya salon jifa, duk da haka ya sake kammala wasa ba tare da wani ya samu bugu mai amfani a kansa ba, karo na uku, da dabara tsagwaronta. Aka sake kiransa a 1941 zuwa Filifin, ya dawo a 1943 bai iya cin wasa ko ɗaya ba. Kafin kakar 1944 Giants ta sallame shi. A ƙarshen shekarar aka kira shi karo na uku, kuma ranar 2 ga Disamba jirgin ƙarƙashin teku na Amurka ya nutsar da jirgin da ke ɗauke da shi a yammacin tsibirin Yakushima.

Za a iya cewa rashin adalci ne a tuhumi ƙungiyar wasa da abin da gwamnatin soja ta aikata, tunda yaƙin ya cinye miliyoyin mutane, kuma ita kanta gasar tana dab da rushewa a 1944. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma babu mai cewa Giants ce ta kashe shi. Amma sallamar ba umarnin soja ba ce, shawarar ƙungiya ce game da mutumin da aka gina sunanta a kansa. Shekara uku bayan haka, a 1947, ƙungiyar ta jingine lambar rigarsa, 14, ta haramta wa kowa sa ta, aka kuma ƙirƙiro lambar yabon da sunansa. A 1959 yana cikin rukunin farko da aka shigar zauren girmama gwanayen besbol na Japan. Karrama mamaci ba ta cin ƙungiya komai idan aka kwatanta da riƙe rayayyen da hannunsa ya daina aiki. Bai kamata karramawar ta shafe sallamar daga tarihi ba.

Akwai wata tambaya da ta fi wuya, domin ta shafi ita kanta lambar yabon. Shekaru da dama ma'auninta ya haɗa da cin wasa 15, da jifa a zagaye 200, da kammala wasa 10 daga farko har ƙarshe ba tare da an canji mai jifa ba. Kwamitin yakan ƙi ba da ita idan bai gamsu ba, kamar yadda ya yi a 2000 da 2019 da 2024. Masu kare wannan tsari suna cewa an tsara ma'aunin ne shekaru da yawa bayan rasuwar Sawamura, kuma juriya ɗabi'a ce ta gari da ya dace a yaba. Na yarda da tarihin ma'aunin, amma bai warware matsalar ba. Duk wanda ya zaɓi sunan mutum don ya zama mizani, ya zaɓi abin da za a koya daga rayuwarsa. Abin da aka ɗauko daga Sawamura shi ne jifa ba hutu, aka bar ɓangaren da ke nuna inda jifa ba hutu yake kai kafaɗa. A yau ƙungiyoyi a Japan da Amurka suna ƙirga yawan jifan kowane ɗan wasa, suna sauke shi kafin gajiya ta kai ga rauni, kuma wannan na cikin dalilan da ma'aunin ya zama da wuyar cikawa. Masu ganin haka a matsayin lalacewar wasa suna auna 'yan wasan yanzu ne da Sawamura na 1937, alhali shi kansa bai sake kai wannan matsayi ba a sauran shekaru bakwai da suka rage masa a duniya.