Rububin Sayen Kayan Tsafta a Lokacin Annoba: Minna a Madubin Japan

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rububin sayen kayan tsafta a annobar Ebola ta 2014 da ta korona ta 2020. Hujjarta ita ce, abin da ke tura mutum kasuwa shi ne hasashensa kan abin da maƙwabtansa za su yi, kuma a gari irin Minna ƙarancin yakan bayyana ne a farashi, ya faɗa kan talaka.

Gabatarwa

A ƙarshen Fabrairun 2020 jita-jita ta bazu a Japan cewa takardar bayan gida za ta ƙare, wai daga Sin ake kawo ta. Masana'antun ƙasar sun musanta, suka ce kusan dukanta a gida ake yin ta, amma duk da haka kantuna suka wayi gari wayam. An taɓa yin irin wannan a 1973, lokacin rikicin man fetur. Mafi yawan masu sayen ba sai sun gaskata jita-jitar ba. Ya ishe su su yi zaton wasu za su gaskata, su riga su kwashewa. Kowa ya yi lissafin da ya dace da gidansa, taron lissafin ya haifi ƙarancin da ake gudu.

Yadda abin ya kasance a Nijeriya

Ba a yi rububin takarda a Minna ba, domin buta da ruwa sun wadatar. Tsoron ya koma kan wasu kayan. A Agustan 2014, bayan Patrick Sawyer ya shigo da Ebola Legas, saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka kwantar da mutane a asibiti. Bayan an tabbatar da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, farashin man tsaftace hannu da takunkumin fuska ya yi tashin gwauron zabo, har hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta gargaɗi 'yan kasuwa. A ƙarshen Maris gwamnatin Abubakar Sani Bello ta sanya dokar hana fita a Jihar Neja, wadda ta tattara cefanen kwanaki cikin 'yan sa'o'i. A Kasuwar Kure ta Minna ciniki ake yi, babu farashi a rubuce, don haka kaya ba sa ɓacewa daga rumfa. Kuɗinsu ne ke hawa. Ma'aikacin da ke da albashi ya sayi katan ɗin sabulu, ɗan acaɓa kuwa, da sai ya fita yake samu, ya sayi guda ɗaya a sabon farashi.

Martani ga masu ja

Za a ce jahilci ne tushen matsalar. Japan, inda kusan kowa ya yi karatu, ta rushe wannan zato. Za a kuma ce laifin masu ɓoye kaya ne. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa ma Japan ta haramta sake sayar da takunkumi don cin ƙazamar riba daga 15 ga Maris, 2020. Sai dai ɗan kasuwa ba ya ɓoye abin da ba a rububinsa. Ɓoyon yana bin tsoro ne a baya, sannan ya ƙara masa wuta.

Kammalawa

Musanta jita-jita kaɗai ba ya hana rububi, tunda mai saye maƙwabcinsa yake kallo. Abin da ke kwantar da hankali shi ne ganin kaya a rumfa. Saboda haka ya kamata hukuma ta sanar da dokar kulle da wuri, ta bar motocin kaya su shigo, ta kuma haɗa kai da shugabannin kasuwa wajen ƙayyade yawan abin da mutum ɗaya zai saya.