Daga Gobarar Jankara Zuwa Teburin Banga: Wa Ke Da Alhakin Sa Ido?

Waɗanda suka daɗe a Legas cikinmu ba za su manta da safiyar 26 ga Disamban 2012 ba. Washegarin Kirsimeti ne, gari bai gama farkawa ba, sai ƙara ta fara tashi daga wajen kasuwar Jankara a Tsibirin Legas, ɗaya na bin ɗaya, har wasu suka zaci bom ne. Ashe wani sito ne da aka maƙare da kayan wasan wuta, wato abin da ake kira banga a nan, a gida Arewa kuma nakawut. Wutar ta tsallaka gine-ginen maƙwabta, an rasa rai, mutane da dama sun jikkata. 'Yan kwana-kwana sun sha wuya kafin su kai ga wurin, domin titunan unguwar matsattsu ne, ga cincirindon 'yan kallo, ga kayan na ci gaba da fashewa.

Abin lura shi ne, a lokacin ma akwai haramci. Kusan duk ƙarshen shekara rundunar 'yan sanda takan fitar da sanarwar hana saye da sayar da banga, tana cewa 'yan fashi na fakewa da ƙararsa, kuma yana firgita jama'a. Duk da haka kaya masu yawan da za su rusa gini suna jibge a tsakiyar gidajen mutane.

In ana son a gane yadda aka yi haka, sai a koma Ingila, inda dokokinmu da yawa suka samo tushe. A ranar 2 ga Oktoban 1874 wani jirgin ruwan dakon kaya ɗauke da albarushi ya tarwatse a mashigin ruwan da ya ratsa gefen Regent's Park a Landan, ya kashe ma'aikatansa, ya rusa gada. Shekara ta gaba, 1875, majalisar ƙasar ta kafa dokar abubuwa masu fashewa. Wannan doka ba ta hana cinikin ba. Ta ce duk mai son ajiye kayan don sayarwa ya yi rajistar shagonsa a hukumar yankinsa, ta ƙayyade yawan da zai ajiye, ta hana talla da baza kayan a kan titi, ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 13 ba, ta kuma sa tara ga mai jefa wuta a hanya. Ma'anar wannan ita ce jami'in unguwa ya san shagon, ya san mai shi, yana iya shiga ya duba.

A nan Nijeriya tsarin ya ɗauki wata hanya daban. Dokar abubuwa masu fashewa ta 1964 ta gwamnatin tarayya ce, lasisi kuma a hannun ma'aikatar ma'adanai yake, domin hankalin masu dokar ya fi karkata ga nakiyar fasa duwatsu da haƙar ma'adanai. Kundin tsarin mulki na 1999 ma ya sanya makamai da harsasai da abubuwa masu fashewa cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Amma shi wannan kundin ne ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da shaguna da rumfunan bakin hanya. To, kun ga inda gizo ke saƙar. Mai ikon ba da izinin kayan yana Abuja, bai san teburin da ke Idumota ko Agege ba. Wanda ke zagayawa kullum yana yankar tikiti a teburin kuwa, kuɗin wuri ya zo karɓa, babu ruwansa da abin da ke cikin kwali. 'Yan sanda su zo a Disamba su kwashe abin da suka gani a fili, sauran kuma mai kaya ya ƙara tura shi ƙuryar ɗaki.

A ganinmu nan ne haramcin baki yake da illa. Kayan da ke kan tebur kowa na ganinsa. Wanda aka ɓoye a bene na biyu, kusa da janareta da jarkar fetur, a ƙarƙashin ɗakin da iyali ke kwana, babu mai sanin yawansa sai ranar da ya tashi.

Ba wai baza shi a fili ba tare da ƙa'ida ba ya fi. A birnin Lima na ƙasar Peru, ranar 29 ga Disamban 2001, an kunna ɗaya don gwaji a kasuwar Mesa Redonda, inda masu tebura suka cika tituna da kayan sabuwar shekara. Wuta ta bi tebur-tebur, mutane kusan 300 suka mutu.

Me ya haɗa mu da wannan tarihi? Kaɗan ne daga cikinmu ke shigo da kayan, amma mu ne maƙwabtansa. Mai shayi da risho ɗinsa, mai suya da garwashinsa, mai gasa masara, duk a bakin hanya ɗaya suke da yaron da ya sari banga kwali biyu don ya samu na kashewa a Disamba. Wani lokaci yaron ma namu ne. Ga kuma 'yan uwanmu masu gadi da masu dako da ke kwana a shaguna da ƙofar sito, galibi ba su san abin da aka kulle a bayansu ba. Iska ta bushe a wannan lokaci na shekara, tartsatsi ɗaya ya isa.

Tun da doka ta bar wannan giɓi, a aikace shugabannin kasuwa ne ke cike shi, in sun ga dama: su Iyaloja da Babaloja, da sarakunan Hausawa da shugabannin sassa a kasuwanni irin su Mile 12. Su ne suka san wa ya kama wane shago, su ne ke iya cewa wannan tebur ya matsa daga wurin mai wuta, ko wannan kwali ba zai kwana a nan ba. Ƙa'idojin 1875 ɗin nan, wato sanin wurin ajiya, rage yawa, nisantar wuta da hana yara, babu wanda ke buƙatar sa hannun minista kafin shugaban layi ya fara aiki da su a layinsa. Sari kuma yakan fara shigowa tun kafin Disamba ta kama, don haka taron ƙungiya na watan Nuwamba ne wurin tayar da maganar.