Tsoron Gauraya Baƙin Mai: Daga Man Zurma Zuwa Injin Tirela

Akwai wata doka da kusan duk garejin manyan motoci ya san da ita: kada a zuba baƙin mai na sintetik a kan na gargajiya, wato wanda aka tace daga ɗanyen mai, domin wai za su tsinke kamar madarar da aka matsa wa lemun tsami, su toshe hanyoyin mai, inji ya buga. Direban tirela a Amurka ya ji ta, na Kano ma ya ji ta. Dokar tana da tushe na gaskiya, sai dai man da aka kafa ta dominsa ya daɗe da barin injunan manyan motoci, ita kuwa ta zauna daram.

Tushen ya girmi sintetik ɗin kansa. A farkon ƙarni na ashirin, injunan jiragen sama da motocin tsere da man zurma suke aiki, domin yana manne wa ƙarfe ko da zafi ya kai zafi. Sunan Castrol, wanda kamfanin Wakefield na Landan ya fito da shi a 1909, daga sunan zurma a Turance aka ciro shi. Man zurma kuwa ba ya jituwa da man da aka tace daga ɗanyen mai: rabuwa suke yi, ya bar danƙo a jikin fistan da ringi. Duk bakaniken da zai sauya daga wannan zuwa wancan sai ya wanke injin tas. A wancan zamani, wanda ya ce kada a gauraya ya faɗi gaskiya.

Sintetik kuma ɗan Jamus ne, ƙasar da ke da kwal jibge amma ba ta da rijiyoyin mai na a-zo-a-gani. A 1925 Franz Fischer da Hans Tropsch suka samo hanyar mayar da iskar kwal ta zama mai, sannan Hermann Zorn na kamfanin IG Farben ya gwada dubban sinadarai na jinsin da ake kira esta, yana neman man da ba zai daskare ba. Sanyin Rasha a Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna wa sojojin Jamus muhimmancin abin, lokacin da mai ya sandare a cikin tankoki da jirage. Bayan yaƙi injunan jet suka gaji esta. Sai a 1972 Amsoil ya fito da sintetik na farko da ya cika sharuɗɗan Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API, domin motoci, Mobil 1 ya biyo baya a 1974. A nan tsohon tsoro ya sami sabon dalili. Esta tana kumbura robar sil, sinadarin PAO da Mobil ya dogara da shi kuma yana sa ta ƙanƙance ta bushe. Masu tsofaffin motoci suka wayi gari da ɗigon mai a ƙarƙashin inji bayan sun sayi mai mai tsada ninkin-ba-ninki. Maganin da masana'antu suka samo shi ne abin lura: gaurayawa suka yi, suka haɗa esta da PAO gwargwadon yadda kumburin wannan zai kashe ƙanƙancewar wancan.

Daga nan iyakar da ke tsakanin man biyu ta fara dusashewa, kuma kamfanonin ne da kansu suka goge ta. Tun 1966 Motul na Faransa yake sayar da man da wani ɓangarensa sintetik ne, sauran na gargajiya, a galan guda. Sinadaran ƙari da ake zuba wa kowane baƙin mai, masu wanke datti da hana ƙarfe cin ƙarfe, galibinsu daga kamfanoni huɗu suke fitowa, Lubrizol da Infineum da Oronite da Afton, kuma akasari a narke cikin man gargajiya ake kawo su. Wato galan ɗin da aka rubuta wa "cikakken sintetik" ma yakan ɗauki ɗan na gargajiya a cikinsa. Babbar girgiza ta zo a 1999. Mobil ya kai ƙarar Castrol gaban hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a Amurka, yana cewa man Castrol mai suna Syntec ba sintetik ba ne, ɗanyen mai ne da aka sarrafa da iskar haidirojin cikin matsanancin zafi da matsi. Hukumar ta ba Castrol gaskiya. Tun daga ranar, yawancin abin da ake sayarwa da sunan sintetik daga rijiya ɗaya ya fito da na gargajiya, tacewa ce kawai ta fi tsanani. Yaya za a yi 'yan uwa ɗaya su ƙi zama a tukunya ɗaya?

Mai musu zai ce: to me ya sa kamfanoni har yau suke ba da shawarar kada a gauraya? Wani ɓangare na amsar ciniki ne, ba mai so a cika injin da man abokin hamayyarsa. Amma akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a raina ta ba. Kowane mai an auna sinadaransa ne a matsayin miya guda, an gwada shi a haka. Idan aka haɗa biyu, ba wanda ya gwada sakamakon. Ba zai tsinke ba, amma ba zai kai sintetik zalla ba. Injin tirela yana ɗaukar wajen lita arba'in, kuma mai kuɗin da ya sayi sintetik yana biya ne domin ya tsawaita tazarar juye. Idan yaron mota ya riƙa cikawa da na gargajiya a hanya, galan yau galan gobe, tazarar ta koma ta na gargajiya, kuɗin kuma ya riga ya tafi. Asara ce ta aljihu. Shi kuwa direban da ya zaro geji tsakanin Zariya da Funtuwa, ya goge shi da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ga mai bai taɓa layin ƙasa ba, kuskuren da zai kashe masa inji shi ne ya ci gaba da tafiya yana jiran ya sami irin man da ke ciki.

Sai batun yoyo, wanda shi ne hujjar da kanikawa suka fi riƙewa. Tsohon inji da ya sha wuya yakan tara dauɗa a bakin sil ɗin da ya riga ya tsage, dauɗar ta zame masa toshiya. Sabon mai mai ƙarfin wanki ya kwashe ta, tsagar ta bayyana, laifi ya hau kan mai.

Abin da tsohuwar dokar ke ɓoyewa shi ne cewa a injin gas na yau akwai gaurayawar da ke da haɗari da gaske, kuma ba ruwanta da kalmar sintetik. Injin gas yana zuba kunkunniya cikin mansa, farar wutar da ke cikin man gas kuma tana zama asid, don haka mansa yana buƙatar sinadaran da man ƙaramar mota ba shi da su da yawa. Zuba man ƙaramar mota a tirela, ko da sintetik ne mafi tsada, ya fi haɗa 15W-40 na gargajiya da 5W-40 na sintetik illa nesa ba kusa ba. Daga 2006, da Amurka ta rage farar wuta a man gas kuma aka shiga sa wa motoci matatar hayaƙi a salansa, rukunin baƙin mai na API mai suna CJ-4 ya taƙaita tokar mai zuwa kashi 1 cikin ɗari, domin tokar tsohon mai tana toshe matatar. A Disambar 2016 aka raba hanya biyu: CK-4, wanda ya dace da tsofaffin injuna, da FA-4, mai tsinkakken jiki domin rage shan mai, wanda API da kanta ta ce bai dace a musanya shi da na baya ba. Tsohuwar DAF ko Mack da ta ƙare aikinta a Turai ko Amurka ta zo tana dakon siminti a zafin Sakkwato, FA-4 na iya yi mata ƙaranci a kauri, ko da galan ɗinsa ya fi kowanne ƙyalli a shago. Haka nan man da ake aunawa da kwalba daga durom marar suna a bakin titi: ba wanda zai iya cewa ko CK-4 ne, ko tsohon juye ne da aka tace da ƙyalle.