Daga Kaset Zuwa Memori: Karatun Kunne a Ɗambatta

Masu ƙyamar na'urar sauraro a makarantun Ɗambatta su tuna cewa tun asali ta kunne karatu yake shiga a ƙasar nan: malam ya biya, almajiri ya maimaita. Da kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963, ya yaɗu, sai tafsirin Malam Abubakar Gumi, daga baya na Malam Ja'afar Mahmud Adam, ya shiga zaure da gona. Memori ya gaji kaset, kuma da korona ta rufe makarantu a 2020, rediyo ne ya riƙe darasi a Kano. Masu ƙyamar na'urar na cewa waƙa yara za su saurara. Hakan na faruwa, amma maganinsa sa idon malami ne, domin hana na'urar, ɗan talaka marar littafi yake cutarwa.