Inda ake samun taron masu ƙoƙarin barin giya a Camberwell

'Yan uwa na zango mazauna kudancin Landan, da iyaye da ke gida suna jin labari daga nesa: wannan bayani ne kan wuraren da mai fama da giya zai samu taimako daga waɗanda suka taɓa shiga halin da yake ciki. A wajenmu kunya ke rufe maganar, har sai ciwo ya ci jiki. Tarukan nan kuwa kyauta ne, suna kusa, kuma ba a tambayar cikakken sunan kowa.

Kafin komai, a ga likita

Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan hannunsa na rawa da safe, ko gumi na keto masa har sai ya kurɓa, kada ya yanke sha dare ɗaya. Yin haka na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa, har a rasa rai. Ya fara zuwa wajen likitan unguwa, wato GP. Rajista kyauta ce, kuma a Ingila ba sharaɗi ba ne sai an nuna takardar zama a ƙasa. Idan abu ya rikice, a kira 999, ko a kai shi sashen gaggawa na asibitin King's College da ke Denmark Hill, daura da asibitin Maudsley.

Alcoholics Anonymous

Ana kiran ta AA a taƙaice. Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa ta a 1935 a garin Akron na Amurka, ta iso Landan a 1947. Sharaɗin shiga ɗaya ne: mutum yana son ya daina sha. Ana zama kamar awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, wani ya ba da labarinsa, saura su ɗora nasu. Wanda bai son magana ya zauna ya saurara. Ana zagayawa da kwanon taimako don kuɗin haya da shayi, ba dole ba ne a saka.

Don gano taro, a shiga shafin AA na Birtaniya a intanet, a rubuta Camberwell ko SE5, za a ga rana da lokaci da wuri, har da na Peckham da Brixton. Ko a kira 0800 917 7650, kyauta. Taron da aka rubuta "closed" na masu matsalar ne kaɗai. Wanda aka rubuta "open", ɗan uwa ko aboki na iya rakiya. A duba jadawalin ranar da za a je, domin lokuta na sauyawa.

Dattawa kan tambaya game da wurin zama, tunda yawancin tarukan a zauren coci ake yin su. Hayar ɗaki kawai ake yi. AA ba ta ƙarƙashin wani addini, ko da yake matakanta 12 suna ambaton Allah gwargwadon fahimtar kowa, kuma Musulmi na halarta. Akwai kuma Millati Islami, da aka fara a Baltimore a 1989, wadda ta gina matakan a kan koyarwar Musulunci, tana kuma yin taruka ta intanet.

SMART Recovery

Wannan ta fara a Amurka a 1994. Ba ta bin matakai 12. Mai jagorantar zama yana koyar da dabarun danne sha'awar giya idan ta taso, da gane abin da ke tunzura mutum, kamar kaɗaici, bashi, ko gajiyar aikin dare. Shafinta na Birtaniya na nuna tarukan ido da ido da na intanet.

Ofishin ƙaramar hukuma

Mafi yawan Camberwell na cikin Southwark, inda ƙungiyar Change Grow Live ke kula da masu matsalar giya da ƙwaya, a kan titin Camberwell Road. Mutum na iya kai kansa ba tare da takardar likita ba. Can ake auna lafiya, a tsara yadda za a rage sha a hankali, a haɗa shi da taro. Wanda adireshinsa ya faɗa Lambeth, Lorraine Hewitt House da ke Brixton ne nasa.

Ga iyali

Mata da iyaye da 'ya'yan mai sha suna da nasu taron, Al-Anon, wanda aka kafa a 1951, ko da shi mai shan bai yarda ya nemi taimako ba. Lambarsu 0800 0086 811.

Idan taron farko bai kwanta maka ba, gwada wani wurin, don kowane taro da irin mutanensa. Mai rakiya kuma ya riƙe amana: wanda ya gani a can da abin da ya ji, kada su bi shi zuwa majalisa ko zauren WhatsApp. Allah ya ba masu fama lafiya.