Tarihin Neman Asalin Tartsatsin Sama

Maganata ta yau a kan wata tambaya ce wadda ta fi shekara ɗari tana ba masana wahala, watau daga ina tartsatsin nan yake fitowa wanda ke zubo wa duniya dare da rana daga sararin samaniya. Ido ba ya ganinsa, amma yanzu haka da muke zaune yana ratsa rufin ɗakin nan, yana ratsa jikinmu.

A farkon ƙarni na 20 masana suna da wata na'ura mai riƙe lantarki, wadda kome rufewar da aka yi mata sai lantarkin ya zurare. Galibinsu suka ɗora laifin a kan wani tururi da duwatsu ke fitarwa. Victor Hess, mutumin Ostiriya, ya ga in haka ne, to lalle abin ya ragu in an yi nisa da ƙasa. Ran 7 ga Agusta, 1912, ya hau balan-balan da na'urorinsa har kimanin mita 5,300, sai ya tarar zurarewar ƙaruwa ta yi ƙwarai. Dama a watan Afrilu ya tashi lokacin husufin rana bai ga ta ragu ba, saboda haka ya fid da rana daga zargi. Aka ba shi lambar Nobel a 1936.

Sa'an nan gardama ta tashi a kan ko mene ne abin. Robert Millikan na Amurka ya dage a kan wani irin haske ne. Amma a 1927 Jacob Clay ya yi awo a jirgin ruwa tsakanin Jawa da Turai, ya ga tartsatsin ya fi ƙaranci a kusa da tsakiyar duniya, Arthur Compton kuma ya tabbatar da haka bayan 'yan shekaru. Maganaɗisun duniya ba ya karkatar da haske, sai abin da ke ɗauke da lantarki. Ashe ƙwayoyi ne, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari furoton ne, watau cibiyar ƙwayar zarrar haidirojin.

To, a nan wahalar take. Haske miƙe yake tafiya, in ka ga tauraro ka san inda yake. Ƙwayar da ke ɗauke da lantarki kuwa, maganaɗisun da ke tsakanin taurari yakan yi ta juya ta shekaru miliyoyi, kamar baƙon da ya shigo ta ƙofar gabas alhali daga yamma ya taso. Bin sawunta ba ya kai mutum gidansu.

Saboda haka tunani ya riga shaida da nisa. A 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky suka ce fashewar manyan taurari ce tushen abin. A 1949 Enrico Fermi ya bayyana yadda ƙwaya za ta riƙa ƙara gudu in tana karo da gizagizai masu maganaɗisu. Abin da ya rage shi ne shaidar da ba ta ɓata hanya, kuma akwai ta: in furoton ya bugi iskar da ke tsakanin taurari, yakan haifar da hasken gama, shi kuwa miƙe yake zuwa. A 2009 na'urorin VERITAS a Amurka suka kama wannan haske daga gungun taurarin M82, na H.E.S.S. a Namibiya kuma daga NGC 253. Duka biyun wurare ne da ake haifar taurari da gaggawa, manyansu ba sa daɗewa suke fashewa. A 2013 tauraron ɗan Adam mai sunan Fermi ya ga alamar karon furoton a ɓurɓushin taurari biyu da suka fashe a gungunmu. Shekara 79 ke nan bayan maganar Baade da Zwicky.

Sai dai wannan bai biya bukata duka ba. A 1991 wata na'ura a jihar Yuta ta kama ƙwaya guda mai ƙarfin ƙwallon da aka jefa da hannu, ƙarfin da ɓurɓushin tauraro ba ya iya bayarwa. Hankali ya koma kan manyan baƙaƙen ramukan da ke tsakiyar wasu gungaye, masu haɗiye abin da ya kusance su, suna kuma feso wani sashe waje da gudun da ya kusa na haske. A 2007 cibiyar Pierre Auger ta Ajantina, mai faɗin murabba'in kilomita 3,000, ta ba da labarin alaƙa tsakanin ƙwayoyi mafiya ƙarfi da irin waɗannan gungaye, amma da awo ya ƙaru sai alaƙar ta raunana. A ganina ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan, don ba kowace sanarwa ce ke jure ƙarin awo ba. A 2017 cibiyar ta nuna cewa daga wajen gungunmu suke zuwa, a 2018 kuma ta ga alamar da ta fi karkata ga gungaye masu yawan haifar taurari.

Masu goyon bayan baƙin rami su ma suna da tasu shaidar. Ran 22 ga Satumba, 2017, na'urar IceCube da ke binne cikin ƙanƙarar ƙuryar kudancin duniya ta kama nutirino, ƙwayar da ba ruwanta da maganaɗisu, daga wajen wani gungu mai baƙin rami wanda feshinsa ke fuskantarmu. A 2022 ta ba da irin wannan shaida game da gungun NGC 1068. Rabon da kowane ɓangare yake da shi cikin ƙwayoyi mafiya ƙarfi, shi ne abin da ake kan aunawa a Ajantina da Yuta.